Wa Zai Yi Wa Goggo Wanka?

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Goggo ta riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙasa a unguwar Small Heath ta Birmingham, hannunta cikin nawa. Kafin azahar gida ya cika, takalma sun toshe ƙofa sai an tsallaka. Na sha zuwa gidan rasuwa a garin nan, na san yadda yake: kuka, salati, wata tana dafa shayi, wasu biyu suna gardamar wadda za ta shiga wankan gawa. Ranar nan babu mai gardama. Ana shigowa, a ce min "ya haƙuri" da rabin baki, a nemi kujera can nesa da ni.

Wata ta matso ta kama hannuna kamar mai tausayi, ta ce, "Wai ke kaɗai ce a ɗakin lokacin?"

Na ce ni kaɗai ce.

Ta ce, "Allah sarki." Ta saki hannun, ta kalli ta kusa da ita.

An tsayar da jana'iza washegari bayan azahar, wanka kuma da safe a ɗakin wankan gawa na masallaci. Sai uzuri ya fara zuba. Wannan bayanta ya riƙe. Waccan tana da aikin safe da ba a musanyawa. Wata ta tuna an kira ta ofishin council, wato ƙaramar hukuma, a kan maganar gida. Mata bakwai ne ke wanke gawar 'yan Zango, Hausawan Ghana, a Birmingham, biyar a cikinsu Goggo ce ta koya musu yadda ake juya mamaci ba tare da an tona masa asiri ba. Kafin la'asar babu ko ɗaya da ta ce za ta zo. Babu kuma wadda ta ce ta ƙi. Mutanenmu ba sa ƙi, sai dai baya ya riƙe.

Na san abin da ake raɗa, don ba a iya raɗa a falon da bai fi tabarma uku ba. Ana cewa Goggo ta nemi a kashe ta irin yadda aka yi a wani wasan asibiti na talabijin, ni kuma nas ɗin da ta zo daga Manchester na yi mata allurar. Baffa, ƙanenta, shi ya fara maganar. Malamai sun ce ko wanda ya kashe kansa ana yi masa wanka da sallah, amma kowa ya san yadda ake yi: manya su janye, a kawo baƙi su wanke, a binne cikin sauri, daga nan in an ambaci sunan mutum sai a sauke murya. Abin da ake shirin yi wa Goggo ke nan. Shekara guda ke nan da rasuwarta, har yanzu ina jin wasu suna sauke muryar, shi ya sa na zauna zan rubuta wace ce ita.

Goggo yayar mahaifina ce. Ba ta haihu ba, sai aka ba ta ni daga Kumasi ina shekara tara. Sunan mahaifiyarta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Uwata" take cewa, ko da kuwa zagina za ta yi. Na sha jin "Uwata, ke dai sakarya ce," kuma ban taɓa jin haushi ba.

Shekara talatin ta yi tana shara da goge ƙasa a wani babban asibiti. Ba ta yarda a raina aikin ba. Takan ce, "Likita minti uku yake yi a bakin gado. Ni da bokitina ina yin ashirin. Wa kike gani marasa lafiya suke faɗa wa gaskiya?" A aljihun rigar aikinta akwai abin yanke farce. Tsofaffin da ba mai zuwa duba su, in ta ga farcen ƙafarsu ya nannaɗe, sai ta ja labule ta yanke. Sau biyu aka ja mata kunne cewa ba aikinta ba ne. Ta ce ta ji, ta koma yi lokacin da manyan ma'aikata suka tafi cin abinci. Ita ta tura ni karatun nas, ba da lallashi ba. Ranar da na ce ina son koyon gyaran gashi ta dube ni ta ce, "Kan mutane ba ya ciwo sai kin taɓa shi? Wuce ki cika form."

Da ta yi ritaya sai asibitin ya dawo mata ta talabijin. Duk yammacin Asabar akwai wani wasan kwaikwayo na likitoci, kuma wannan awa ɗaya ko gobara ake yi a layin ba za ta leƙa ba. Abokiyar kallonta maƙwabciyarmu ce da muke kira Maman Jos, Kirista 'yar coci, mai dariya da dukan jiki. Su zauna da soyayyar ayaba da gyaɗa. Maman Jos tana kallon wa ke son wa. Goggo kuwa ƙasa take kallo.

"Dubi jini tun ɗazu a ƙasa, ba wanda ya kira mai shara. Sai wani ya zame ya karye."

"Hajiya, ki bari mu ji abin da yake gaya mata mana."

"Ƙarya yake gaya mata. Kuma a store ɗin magani! Ni ke riƙe makullin irin wannan ɗaki, da ni ce da tsintsiya zan fito da su."

Bayan na sami aiki a Manchester na kama ɗaki a unguwar Withington, ba ta bar ni na huta ba. Ana fara nuna sunayen 'yan wasa wayata za ta yi ƙara. In na ce ban kalla ba, ina aiki, sai ta ba ni labarin daga farko, da gyare-gyarenta.

Wata Asabar ta kira, muryarta ba irin ta kullum ba. A wasan an nuna wani tsoho da ciwo ya cinye, ya roƙi likitansa ya ƙarasa shi, likitan ya yi masa allura, 'yan sanda suka zo suka tafi da likitan. A shekarun nan maganar ta cika ƙasa. Majalisa tana ta muhawara ko a halatta wa likita ya taimaki mai jinya ya mutu, rediyo kullum ita ce, ana ba da labarin masu hali da ke tafiya Switzerland don a yi musu a can.

Ta ce, "Uwata, da ni ce alƙali da na sake shi."

Na ce, "Goggo, haramun ne fa. Kuma doka ta hana. Ko ni na yi, prison ne, ba ma maganar aiki ba."

"Na ce miki halal ne? Ni ma na je makarantar allo kafin a haifi ubanki. Cewa na yi na gane. Tsofaffi nawa suka kama min siket ina goge ƙarƙashin gado, suna cewa in gaya wa wani ya taimake su? Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina zama dai in riƙe musu ƙafa. Amma ba zan ce 'yan wuta ba ne don sun roƙa."

Da a waya ta bar maganar da shi ke nan. Goggo ba ta san ta ciki na ciki ba. Sati biyu bayan nan aka yi suna a unguwar Handsworth, tana tsakiyar mata da farantin waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, a cinya, ta maimaita maganar kaf, da ƙarfi, har maza suka ji daga ɗaya falon. Baffa ya leƙo. Direban bas ne da ya yi ritaya ya koma sahun farko a masallaci, kuma tsakani da Allah yana son yayarsa, sai dai irin son nan mai zuwa da wa'azi.

"Yaya, ki yi istigfari. Talabijin ɗin Turawa ya fara ci miki imani."

"Kai kuma me ya ci maka kunne? Ka ji na ce a yi?"

"Wanda ya tausaya wa mai saɓo ya kusa zama shi."

"Ka taɓa wanke wanda ciwo ya narkar da bayansa? Ka taɓa jin warin? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Koma wurin maza ka ci namanka."

Mata suka yi dariya, Baffa ya koma. Bai manta ba, su ma masu dariyar ba su manta ba.

Bayan shekara biyu aka gano ciwon daji a cikinta, ya riga ya kai hanta. Ta karɓi zagayen farko na maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Ya kwantar da ita, ya zubar mata da gashi, ciwon kuma bai ja da baya ba. Da aka zo zagaye na biyu ta tambayi likita ko zai warkar da ita. Ya ce a'a, sai dai ya ƙara mata 'yan watanni. Ta ce ta gode, a bar ta ta tafi gida. Ta sa hannu a takarda cewa in zuciyarta ta tsaya kada a danna mata ƙirji, kada a sa ta a injin numfashi. Wannan doka ta yarda da shi: mutum yana da ikon ya ce a bar shi. Abin da ta hana shi ne wani ya taimaka masa ya mutu. Goggo da kanta ta kira liman a waya, ya ce mata in likitoci sun ce babu waraka, barin magani ba laifi ba ne. Baffa ya ce duk kanwar ja ce. Na ɗauki hutu daga aiki na dawo Small Heath.

Yanzu zan faɗi abin da 'yan'uwana suka so in haɗiye.

Wata rana da la'asar ciwon ya taso mata irin wanda ƙwayoyin ba sa taɓawa. Matar da ban taɓa jin ta yi ihu ba tana cizon gefen filo. Da ya ɗan lafa ta juyo ta kalli kwalaben maganin da ke kan tebur, ta kalle ni.

"Uwata, kin san adadin da zai isa."

Na yi kamar ban ji ba.

"Da ke nake. Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

"To?"

Na ce, "Ba zan yi ba, Goggo."

"Prison kike tsoro?"

"Ina tsoronsa. Ina tsoron Allah. Kuma ko babu su biyun ba zan iya ba, ke ce fa."

Ta ce, "Ashe karatun tsoro na tura ki." Ta juya fuskarta bango.

Kwana uku ba ta yi min magana ba. Ta karɓi ruwa a hannuna, ta bar ni na canza mata zane, amma ko kallona ba ta yi. Ban taɓa shan wuya irin ta kwanakin nan ba, kuma ban yi zaman kuka ba. Na tafi wurin GP, likitan unguwarmu, na ƙi tashi daga kujera sai da aka turo nas-nas masu kula da waɗanda ke jinyar ƙarshe. Suka sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙaramin rediyo, mai tura maganin ciwo kaɗan-kaɗan ta allura a ƙarƙashin fata. A kulle take cikin akwatinta. Su ke zuwa kullum su buɗe, su cika, su rubuta. Ni ko makullin ban taɓa riƙewa ba, don a gidan nan ni 'ya ce, ba ma'aikaciya ba. Wannan na'urar ce Baffa ya gani a gefen gadon, ya haɗa ta da maganar Handsworth, ya kammala hukuncinsa.

Rana ta huɗu ciwon ya kwanta. Ta ce in dama mata koko. Tana sha ta ce, "Na yi istigfari."

Na ce alhamdulillahi.

"Ba don ke na yi ba, kada ki ɗaga kai. Ki saurara. In na tafi za su tambaye ki, na san mutanena. Ki gaya musu na roƙa. Kada ki mayar da ni waliyyiya. Akwai waɗanda suka roƙa suna ɓoyewa, akwai waɗanda aka roƙa suna ɓoyewa, kowa yana zaune da dutse a ciki."

"Goggo, in na faɗa ba za su zo wanka ba."

"To ɗauko biro."

Ta kwanta tana faɗa ina rubutawa: yadda ake rufe jiki da zane kafin a cire tufa, a fara da alwala, dama kafin hagu, ganyen magarya a ruwan farko, kafur a na ƙarshe, gashi a kitse gida uku a mayar baya. Ta ce in ruwan masallaci ya yi sanyi in sa a ɗumama, ita ba ta taɓa wanke kowa da ruwan sanyi ba.

Ta yi kwana hamsin da ɗaya bayan roƙon nan. Ta sha mangwaro, ta yi faɗa da mai kawo madara, ta kalli wasanta sau bakwai tare da Maman Jos a bakin gado. Ranar Talatar tana ta barci tun safe, numfashin yana nisa da juna, ina karanta mata kalmar shahada a kunne, har wanda ya fita bai dawo ba. Likitan da ya duba ta a satin ya zo ya rubuta takarda. Ba abin da ya faru a ɗakin nan sai wannan.

Bayan la'asar ranar rasuwar, Baffa ya shigo falon mata, idanunsa jajur. Ya yi kuka sosai, wannan kam ba zan musa ba. Ya tsaya a kaina.

"Ki faɗa min abin da kika sa a injin nan, ko in kira police."

Kowa ya san abin da kiran yake nufi: za a ɗauke gawar, a yanka ta a bincika, a riƙe ta sati ko fiye. Na tashi na ɗauko wayar gidan, na ja igiyarta har gabansa, na ajiye.

"Bismillah, Baffa. Kira. Record ɗin nas-nas yana kan tebur, kowace allura da sa hannu. Za su yanka yayarka su ɗinke, su ce maka ciwon daji ne. Ni ba abin da zai same ni. Kira."

Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ce ba ni da kunya. Na ce wadda ta raine ni ba ta bar min da yawa ba. Ya fita bai taɓa wayar ba.

Sai Magajiya ta yi gyaran murya. Ita ce shugabar matan Zango a garin, ta haura saba'in, tana tafiya da sanda, kuma tun da ta shigo ba ta ce uffan ba. In ta ce a yi wanka za a yi, in ta yi shiru baya zai ci gaba da riƙewa.

"Zo nan, 'yata. Ba ruwana da inji, ban san kansa ba. Tambaya ɗaya ce. Ki rantse min da Allah ba ta taɓa neman wannan abu ba, gobe ni zan fara zuba ruwa."

Ta buɗe min ƙofa ce, na kuma gane. Kalma ɗaya kawai, kowa ya huta. Maman Jos tana bakin ƙofar kicin tana girgiza min kai a hankali, ita ma so take in bi ta nan. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na hango kaina ni kaɗai a ɗakin wankan da takarda a hannu.

Na ce, "Ba zan rantse ba, Magajiya. Ta nema. Sau ɗaya, ranar da ciwo ya fi ƙarfinta. Na ƙi. Ta yi fushi da ni kwana uku, ta yi istigfari, ta rayu kwana hamsin da ɗaya, ta mutu da ajalinta. Ita ta ce in gaya muku. Wadda za ta zo ta zo. Wadda bayanta ya riƙe Allah ya ba ta lafiya, ni zan wanke uwata."

Wata ta ce subhanallahi. Wata ta fara neman jakarta. Magajiya ta dafa kan sandarta.

Ta ce, "Ƙarfe takwas. A zo min da mota, ƙafata ba ta hawa bas." Ta juya kan sauran. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ba ta taɓa jin ciwon da ya sa ta faɗi abin da ba ta so ba, ta zauna a gida."

Huɗu suka zo cikin bakwai. Ukun da ba su zo ba na san su, suna kuma sane da na sani, muna gaisawa. Maman Jos ba ta da ikon shiga tunda ba musulma ba ce, sai ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofa har muka gama. An ɗumama ruwan. Baffa ya yi sallah a sahun baya, har yau bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba.

Muna ɗaure likkafani, sauran sun fita wanke hannu, Magajiya tana riƙe da ɗaurin ƙafa ni ina na kai. Ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Alhajina sau uku ya roƙe ni. Na ƙarshe har da kuka, yana kama min zane. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban gaya wa ko 'ya'yansa ba. Kullum in na yi masa addu'a sai in ji kamar sata nake yi." Ta ja ɗaurin ta gyara. "Jiya na yi masa da ƙarfi, har jikata ta tambaye ni da wa nake magana."

Muka rufe, muka kira maza.

Ban yi nadamar ƙin da na yi ba, ban kuma ji kunyar roƙon da ta yi ba, kuma duk mai son ya ambaci Goggo a gabana ya ambace ta da cikakkiyar murya. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah ya jiƙan Alhajin Magajiya, da duk wanda azaba ta sa ya roƙi abin da ba a roƙa. Mu kuma da aka roƙa muka ce a'a, muka zauna muna kallo, Allah ya dube mu.